Max Planck da Fargabar Ra'in Kwantom: Rayuwar Malamin da Ya Kawo Sauyin da Bai Nema Ba

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Max Planck (1858–1947), masanin fiziks ɗan ƙasar Jamus wanda ya aza harsashin ra'in kwantom a shekarar 1900, sannan ya shafe shekaru yana ƙoƙarin rage kaifin abin da ya gano. An duba asalinsa da karatunsa, da aƙidar ilimin da ya taso a kanta, da yadda lissafi ya tilasta masa karɓar abin da zuciyarsa ta ƙi. Daga nan aka ɗauko hukuncin da ya yanke a ƙarshen rayuwarsa, cewa kimiyya ba ta sauyawa sai tsofaffin malamanta sun kau, aka auna shi da tarihin shi kansa mai hukuncin.

1.0 Gabatarwa

Galibin labaran sauyin ilimi a kan turba ɗaya suke tafiya: matashi ya zo da sabon ra'i, dattawan fage su taso masa, a ƙarshe gaskiya ta yi halinta. Tarihin Planck bai bi wannan turba ba. Lokacin da ya gabatar da lissafin da ya haifi ra'in kwantom yana da shekara 42, farfesa ne a Jami'ar Balin, mutum mai son tsari da girmama na gaba, wanda ba ya son a rushe gini kafin a san abin da za a aza a gurbinsa. Mai kawo sabon abu da mai adawa da shi duk a ƙirji ɗaya suka zauna. Wannan ne ya sa rayuwarsa ta dace da tambayoyi biyu da suka shafi kowane fagen nazari: me malami zai yi idan hujja ta kai shi inda ba ya son zuwa? Kuma shin masana suna sauya ra'ayi, ko kuwa sai an jira ƙasa ta rufe musu ido?

2.0 Asalinsa da Karatunsa

An haifi Max Karl Ernst Ludwig Planck ranar 23 ga Afrilu, 1858, a garin Kiel da ke arewacin Jamus ta yau. Gidansu gidan malamai ne. Mahaifinsa farfesan shari'a ne, kakansa da kakan mahaifinsa kuwa farfesoshin ilimin addinin Kirista ne a Jami'ar Gottingen. A irin wannan gida aka koya masa riƙon amana, da biyayya ga hukuma, da ɗaukar aiki a matsayin farilla.

A shekarar 1867 iyalin suka koma Munik. A makarantar sakandare ta can ne wani malaminsa, Hermann Müller, ya koya musu dokar da ta ce makamashi ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama. Ya ba su misalin magini da ya ɗora dutse a kan rufin gida: wahalar da ya sha ba ta salwanta ba, tana nan ajiye a cikin dutsen, ko da bayan shekaru ne za ta bayyana ranar da ya suɓuto ya faɗo. Planck ya ci gaba da tuna wannan darasi har tsufansa, domin a nan ya fara ganin doka wadda ba ta dogara da son ran mutum ba.

Yaro ne mai baiwar kiɗa, gwanin fiyano, har ya yi tunanin mayar da kiɗa sana'a. Da ya shiga Jami'ar Munik a 1874, farfesan fiziks Philipp von Jolly ya nuna masa cewa fannin ya kusa kammala, ba abin da ya rage sai 'yan guraben da za a cike. Wannan bai karya masa gwiwa ba, don burinsa a lokacin shi ne ya fahimci tushen abin da aka riga aka sani. A 1877 ya tafi Balin ya zauna gaban Hermann von Helmholtz da Gustav Kirchhoff, manyan malaman zamanin, amma laccocinsu ba su gamsar da shi ba: na farko ba ya shirya darasi sosai, na biyu kuwa yana shiryawa amma ba armashi. Sai ya duƙufa karanta rubuce-rubucen Rudolf Clausius shi kaɗai. Daga nan ya samo batun digirinsa na dakta, wanda ya kammala a Munik a 1879 yana da shekara 21. Kundin bai ja hankalin kowa ba. Kirchhoff bai yarda da abin da ke ciki ba, Clausius kuma bai amsa wasiƙunsa ba.

Ya yi shekara biyar yana koyarwa a Munik ba tare da albashi ba, kafin ya sami matsayi a Kiel a 1885. Ya auri Marie Merck a 1887, suka haifi 'ya'ya huɗu: Karl, da tagwaye Emma da Grete, da Erwin. A 1889 aka kira shi Balin ya gaji kujerar Kirchhoff, ya zama cikakken farfesa a 1892.

3.0 Neman Abin da Ba Ya Sauyawa

Batun da ya mamaye shekara ashirin na farkon aikinsa shi ne doka ta biyu ta ilimin zafi. A taƙaice, dokar tana cewa zafi yana gangarowa ne daga abu mai zafi zuwa mai sanyi, ba ya komawa baya da kansa. Shayin da ya huce ba ya sake tafasa don ra'in kansa. Clausius ya ba ma'aunin wannan tafiya mai fuska ɗaya suna entirofi, ya nuna cewa a rufaffen tsari ba ta raguwa. Planck ya ɗauki wannan doka a matsayin tabbatacciya ɗari bisa ɗari, wadda ba ta da togaciya ko ɗaya.

A Biyana ta ƙasar Ostiriya kuwa, Ludwig Boltzmann yana da wata fahimta dabam. A ganinsa, duk abin da ake gani tarin ƙwayoyin zarra ne masu kai da kawowa, dokar ta biyu kuma magana ce ta rinjayen yiwuwa. Idan aka zuba gero a gefe ɗaya na ƙwarya, dawa a ɗaya gefen, aka girgiza, za su gauraya. Babu abin da ya hana girgizawa ta sake raba su, sai dai hanyoyin gaurayuwa sun ninka hanyoyin rabuwa ninkin da ba ya ƙirguwa, don haka ba a taɓa ganin hakan. Wannan bayani ya tayar wa Planck hankali, domin ya mayar da doka ta zama abin da galibi yake faruwa. Saboda haka ya daɗe yana ɗari-ɗari da ra'in ƙwayar zarra, har a farkon shekarun 1880 ya rubuta cewa wata rana za a yi watsi da shi. A 1896 mataimakinsa Ernst Zermelo ya fito fili ya soki Boltzmann a rubuce, abin da ya sanya tsami tsakanin malaman biyu.

Tsakanin 1897 da 1899 Planck ya yi ƙoƙarin tabbatar da dokar ta wata hanya, wato ta nazarin haske da zafin da abubuwa ke fitarwa, inda yake fatan ba sai ya nemi taimakon ƙwayar zarra ko lissafin yiwuwa ba. Boltzmann ya nuna masa cewa dokokin haske na Maxwell su ma ba su bambanta gaba da baya ba, don haka ba za su iya haifar da tafiya mai fuska ɗaya su kaɗai ba. Planck ya ga gaskiyar sukar, ya gyara aikinsa.

4.0 Matsalar Hasken Baƙin Jiki

Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya san ƙarfe yana yin ja idan ya ɗauki wuta, ya koma ruwan ɗorawa, sannan ya yi fari idan zafin ya tsananta. Tun wajen 1860 Kirchhoff ya nuna cewa idan aka sami jikin da ke shanye duk hasken da ya sauka a kansa, wanda ya kira baƙin jiki, to yadda haskensa ke rarrabuwa tsakanin launuka ya dogara ne da zafinsa kawai, ko da me aka yi shi. Wannan shi ne irin abin da Planck yake nema tun yana ɗalibi: gaskiya guda wadda ba ruwanta da ƙarfe ko yumɓu.

A Cibiyar Awo ta Daular Jamus da ke Charlottenburg, wadda aka kafa a 1887, masana suna auna wannan haske ta hanyar tanda mai ɗan ƙaramin rami, saboda masana'antun fitilu suna buƙatar ma'aunin haske. Wilhelm Wien ya kawo wata ƙa'idar lissafi a 1896 wadda ta dace da awon, Planck kuma ya yi zaton ya tabbatar da ita a 1899. Amma sababbin gwaje-gwajen Otto Lummer da Ernst Pringsheim, da na Heinrich Rubens da Ferdinand Kurlbaum, sun nuna cewa ƙa'idar Wien tana aiki a gajeren zango, tana kuskure a dogon zango.

Ranar Lahadi 7 ga Oktoba, 1900, Rubens ya ziyarci Planck a gida ya ba shi labarin sakamakon. A daren nan Planck ya haɗa wata sabuwar ƙa'ida da ta dace da zangon biyu, ya gabatar da ita gaban Ƙungiyar Masana Fiziks ta Jamus ranar 19 ga Oktoba. Awo ya gaskata ta, amma shi kansa ya san cewa dace ya yi, bai san dalilin da ya sa take aiki ba. Makonni takwas da suka biyo baya su ne mafiya wahala a rayuwarsa ta ilimi. Da duk hanyoyi suka toshe, sai ya koma ga hanyar Boltzmann ta ƙirga yiwuwa, wadda ya yi shekaru yana gudu.

Domin ƙirgar ta yiwu, dole ya ɗauka cewa makamashi yana zuwa ne a ƙulle-ƙulle, kamar mai hatsin da ba ya sayar da rabin mudu. Girman mudun kuma ya danganta da yawan kaɗawar hasken: a ninka yawan kaɗawar da wata 'yar ƙaramar lamba da ya kira h, a sami girman ƙulli ɗaya. Boltzmann ya taɓa amfani da irin wannan dabara a 1877, amma shi yakan ƙanƙantar da ƙullin a ƙarshen lissafi har ya ɓace. Planck ya ga cewa idan ya yi haka, ƙa'idarsa za ta rushe. Ranar 14 ga Disamba, 1900, ya gabatar da wannan bayani, ranar da ake lissafawa a matsayin ranar haihuwar ra'in kwantom. Daga lissafin ya fitar da ƙimar h, da adadin ƙwayoyin da ke cikin ma'aunin sinadari, da cajin ilaktaron, kuma alƙalumansa sun zo kusa ƙwarai da waɗanda aka tabbatar daga baya. Ta haka mai shakkar ƙwayar zarra ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kowa iya ƙirga ta.

5.0 Shekarun Fargaba

A wata wasiƙa da ya aika wa masanin Amurka Robert Wood a 1931, Planck ya bayyana matakin da ya ɗauka a 1900 a matsayin aikin wanda dabara ta ƙare masa, wanda ya shirya sadaukar da duk abin da ya yi imani da shi a fiziks in ban da dokokin zafi biyu. Ya kuma nuna cewa a lokacin ya ɗauki ƙullin makamashi a matsayin dabarar lissafi kawai, bai zurfafa tunani a kansa ba. Masana tarihin kimiyya sun yi saɓani kan iyakar abin da ya fahimta. Martin Klein ya riƙi cewa a 1900 ne aka shigo da yankewar makamashi, Thomas Kuhn kuwa, a littafinsa na 1978, ya kafa hujja cewa Planck bai nufi hakan ba sai wajen 1908.

Abin da ya sa batun ya yi nauyi shi ne, fiziks tun daga Newton an gina shi ne a kan cewa halitta ba ta tsalle: komai yana ƙaruwa ko raguwa a jere, kamar zubar ruwa. Idan makamashi yana tsalle, to harsashin da Newton da Maxwell suka aza ya tsage. A 1905 Albert Einstein, matashin ma'aikaci a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na Bern, ya ƙara gaba ya ce hasken kansa ƙulle-ƙulle ne. Planck ya ƙi wannan. Amma a shekarar nan dai ya karɓi ra'in dangantaka na Einstein hannu biyu-biyu, ya zama babban malami na farko da ya tsaya masa, domin a cikinsa ya ga wani abu tabbatacce, wato gudun haske.

A 1908 Hendrik Lorentz na Holan ya nuna cewa tsohon fiziks, duk yadda aka juya shi, ba zai haifar da ƙa'idar Planck ba. Duk da haka Planck ya ci gaba da neman sulhu. A 1911, shekarar da aka yi taron Solvay na farko a Burasels, ya kawo ra'i na biyu: abu yana shan makamashi a jere, amma yana fitar da shi a ƙulle. Wannan gyara bai ɗore ba, ko da yake daga cikinsa ne aka fara gane cewa akwai sauran makamashi ko a matuƙar sanyi. A 1913, lokacin da shi da Walther Nernst da wasu malamai biyu suka rubuta takardar neman a shigar da Einstein Majalisar Masana Kimiyya ta Furushiya, sun yaba masa matuƙa, sannan suka nemi a yi masa uzuri kan batun ƙullin haske, wanda suke ganin ya wuce gona da iri. A shekarar nan kuma Niels Bohr ya yi amfani da lambar h ya bayyana tsarin ƙwayar haidurojin.

Daga baya Planck ya rubuta cewa wasu abokan aikinsa suna kallon waɗannan shekaru na ƙoƙarin sulhu a matsayin abin tausayi. Shi bai ɗauke su haka ba. A ganinsa, ta hanyar gwada kowace ƙofa da ganin ta a rufe ne ya tabbatar cewa lambar h tana da matsayi fiye da yadda ya fara zato.

6.0 Jarrabawar Gida da ta Ƙasa

Fargabar ilimi ta zo masa tare da rashe-rashe. Matarsa Marie ta rasu a 1909, ya auri Marga von Hoesslin a 1911, suka sami ɗa, Hermann. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, yana shugaban Jami'ar Balin, ya sa hannu a sanarwar masana 93 da ta wanke sojojin Jamus daga laifin abin da suka aikata a Beljiyam. A 1916 ya fito fili ya sassauta matsayinsa ta wata buɗaɗɗiyar wasiƙa da ya aika wa Lorentz. A shekarar ce aka kashe babban ɗansa Karl a fagen daga na Verdun. Grete ta rasu wajen haihuwa a 1917. Emma, wadda ta ɗauki rainon jaririyar ta kuma auri mijin 'yar'uwarta, ita ma ta rasu wajen haihuwa a 1919, shekarar da aka sanar da ba shi lambar Nobel ta 1918.

Bayan yaƙi ya zama jigon kimiyyar Jamus. Da shi aka kafa asusun tallafa wa bincike a 1920, sannan ya shugabanci Ƙungiyar Kaiser Wilhelm daga 1930 zuwa 1937. Da Hitila ya hau mulki a 1933 aka fara korar masana Yahudawa, halin da ya bi da shi a fiziks ya sake bayyana: a yi haƙuri, a ceci abin da za a iya ceta, a jira guguwa ta wuce. Ya gana da Hitila a watan Mayu na shekarar don yin magana a kan Fritz Haber, bai sami komai ba. Bai goyi bayan shawarar Otto Hahn ta farfesoshi su yi zanga-zangar haɗin gwiwa ba, yana ganin masu kwaɗayin kujerunsu sun fi su yawa. Lokacin da Einstein ya fice daga Majalisar Masana, Planck bai hana a tozarta shi ba, sai dai ya sa aka rubuta a kundin majalisar cewa aikinsa sai dai a kwatanta shi da na Kepler da Newton. A Janairun 1935 ya jagoranci taron tunawa da Haber duk da hanin gwamnati. Har yau masana tarihi suna muhawara ko zamansa a kujera ya rage ɓarna ne ko ya ara wa mulkin zalunci mutunci.

Jiran bai cece shi ba. A Fabrairun 1944 bama-bamai suka ƙone gidansa na Grunewald tare da littattafansa da wasiƙunsa. An kama Erwin, ɗan da ya fi shaƙuwa da shi, bayan yunƙurin kashe Hitila na 20 ga Yuli, 1944, aka kashe shi ranar 23 ga Janairu, 1945, duk da roƙon mahaifinsa mai shekara 86.

7.0 Tsakanin Sababi da Yiwuwa

Gwajin Arthur Compton na 1923 ya ƙarfafa batun ƙullin haske da Planck ya ƙi. Tsakanin 1925 da 1927 kuma Werner Heisenberg da Erwin Schrödinger da Max Born suka gina cikakken lissafin kwantom. Born ya fassara lissafin da cewa yiwuwa kawai yake bayarwa, Heisenberg kuma ya nuna cewa ba za a iya sanin wurin da ƙwaya take da saurin tafiyarta daidai a lokaci guda ba, iyakar wannan rashin sani kuwa lambar h ce ke yanke ta. Abin da Planck ya guda a wurin Boltzmann ya dawo masa da ƙarfi fiye da na da, kuma ɗauke da lambarsa.

Ya yi maraba da lissafin Schrödinger, wanda ya gaje shi a kujerar Balin a 1927, domin yana kama da tsohon fiziks na igiyoyi. Bai taɓa musun cewa sabon lissafin yana aiki ba. Abin da ya ƙi shi ne a ce babu sababi a ƙarƙashinsa. A laccocinsa na shekarun 1930 ya riƙa nanata cewa akwai duniya ta haƙiƙa wadda ba ta dogara da mai kallo ba, matsayin da ya kare tun 1908 a laccarsa ta Leiden inda ya soki Ernst Mach. Ya yarda cewa ba za a iya tabbatar da dokar sababi da hujjar lissafi ba, amma ya ɗauke ta a matsayin jagorar da bincike ba zai yiwu ba sai da ita. Duk da wannan saɓani, bai yi amfani da muƙaminsa ya tare wa matasan hanya ba, hasali ma asusun da ya taimaka aka kafa yana cikin masu tallafa wa irin bincikensu.

8.0 Shin Kimiyya Tana Sauyawa?

A tarihin rayuwarsa ta ilimi da ya rubuta, wanda aka buga a 1948 bayan rasuwarsa, Planck ya yanke hukuncin da ya fi shahara da shi a wajen fiziks: sabuwar gaskiyar kimiyya ba ta yin nasara ta hanyar gamsar da masu adawa da ita, sai dai su mutu, sabon zuri'a da ya saba da ita ya taso. Hukuncin ya samo asali ne daga takaicin da ya sha a shekarun 1890, lokacin da ya yi ta kawo hujja a kan mabiya Wilhelm Ostwald ba wanda ya saurare shi, har sai da ra'in Boltzmann ya yi rinjaye ta wata hanya dabam. Kuhn ya ɗauko wannan magana a littafinsa na 1962 kan juyin juya halin kimiyya, daga nan ta bazu zuwa fannonin zamantakewa da adabi.

Akwai abin da ke goyon bayanta. Mach ya rasu a 1916 bai karɓi ƙwayar zarra ba. Boltzmann, wanda ya daɗe yana fama da ciwon damuwa, ya kashe kansa a 1906, 'yan shekaru kaɗan kafin gwaje-gwajen Jean Perrin su tabbatar da abin da ya yi ta karewa. Wani bincike da Pierre Azoulay da abokan aikinsa suka buga a 2019, kan fitattun masana kimiyyar rayuwa 452 da suka rasu suna tsakiyar aiki, ya nuna cewa baƙi sun fi samun shiga fagen bayan rasuwar jigonsa.

Amma akwai abin da ke karya ta. David Hull da abokan aikinsa sun duba yadda masanan Birtaniya suka karɓi ra'in Darwin, suka buga sakamakon a 1978: shekarun mutum ɗan ƙaramin kaso ne kawai na abin da ya bambanta masu karɓa da masu ƙi. Ostwald da kansa ya miƙa wuya ga ƙwayar zarra wajen 1908, yana da shekara fiye da hamsin. Einstein, wanda ya fi kowa tsaurin ido a 1905, shi ne ya zama babban mai adawa da fassarar yiwuwa bayan 1926. Babbar shaida kuwa ita ce Planck kansa. Ya karɓi hanyar abokin hamayyarsa yana da shekara 42, ya karɓi ra'in dangantaka yana da 47, ya yarda da yankewar makamashi yana kusan 50, sannan wajen 1914 ya amince cewa doka ta biyu, abin da ya fi so a duk fiziks, magana ce ta rinjayen yiwuwa. Kowane mataki ya zo a makare kuma da ciwo, amma babu wanda ya jira mutuwarsa.

9.0 Kammalawa

A watan Mayu na 1945 sojojin Amurka suka ɗauko shi daga yankin kogin Elbe, inda yaƙi ya rutsa da shi da matarsa, suka kai shi Gottingen. A 1946 ya halarci bikin tunawa da Newton a Landan, shi kaɗai ne Bajamushen da aka gayyata. Ya rasu ranar 4 ga Oktoba, 1947, yana da shekara 89. A Fabrairun 1948 aka kafa Ƙungiyar Max Planck a gurbin ta Kaiser Wilhelm.

Halinsa na jinkiri da neman sulhu ya yi amfani a fiziks, domin adawar wanda ya san lissafi ita ce ta tace ra'in kwantom ta nuna cewa ba makawa sai da shi. Wannan hali dai bai yi amfani ba a gaban mulkin da ba ya sauraren hujja. Lambar da ya shigo da ita don ya fita daga ƙangi, an rubuta ta a kan kabarinsa a Gottingen. Tun daga ranar 20 ga Mayu, 2019, aka tsayar da ƙimarta a 6.62607015 × 10⁻³⁴ a ma'aunin jul-daƙiƙa, kuma da ita ake fayyace nauyin kilogiram a duk duniya.